Gwaggona 'Yar Rahoto, Matar da Ta Rufe Makarantar Yayanta

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa ƙaramin asibitin unguwarmu, tun mai shara ba ta gama goge bencinan marasa lafiya ba. Shekara talatin da biyu haka take yi. Ba ta wucewa kujerarta kai tsaye, sai ta bi ɗaki-ɗaki ta tattaro rajistocin jiya, na ɗakin likita, na ɗakin yara, na ɗakin gwaji. Ta rungumo su a ƙirji ta kai wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen baranda, wanda a da ma'ajiyar tsintsiya da bokitai ne. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, taga ɗaya mai fasasshen gilashi. Nan take sa tabarau, ta bi sunaye da yatsa layi-layi, tana neman abin da kowa ke addu'ar kada a samu.

A bangon ɗakin akwai wata takarda da ta yi ja saboda daɗewa. Jerin cututtukan da doka ta ce dole a sanar da hukumar lafiya ke nan. Wasunsu, irin su amai da gudawa, sanƙarau, ƙyanda, shan inna da mashaƙo, ba a kwana da labarinsu. Kafin rana ta zagayo sai an kai rahoto, ko da zato ake yi, ba sai gwaji ya tabbatar ba. Wasu kuma sai a rahoton mako, wasu a na wata. Kowace Litinin, ko ba a ga komai ba, sai ta cika fom ta aika: babu, babu, babu. Wani likita da ya taɓa zama a asibitin ya ce mata, “Sista, ba kya gajiya da aika babu?” Ta ce, “Likita, babu ma labari ne. In na yi shiru, ta ina za su san lafiya muke ko duk mun mutu?”

Wannan mata gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, uwa ɗaya uba ɗaya. Watan jiya ta yi ritaya. Ina rubuta wannan jinjina ne da hannun da ya yi shekara shida bai gaisa da ita ba, don haka kada wani ya ce son kai ne irin na dangi.

A unguwa sunanta 'Yar Rahoto, kuma ba sunan yabo ba ne. Mata in sun hango fararen kayanta daga bakin layi, mai yaro mai ƙuraje sai ta ja shi ɗaki ta saki labule. Maza a wurin zaman hira sukan ce, “Kowa ya danne tarinsa, ga ta nan tafe, kada gobe ka ji sunanka a rediyo.” A kwashe da dariya. Ita kuma ta tsaya ta dubi wanda ya yi maganar ta ce, “Kai mai bakin, buɗe shi in gani.”

Alhali sunan mutum bai taɓa fita daga bakinta ba. Mai sharar asibitin, wadda suka tsufa tare a kan aiki, ta ba ni labarin wani mai gidan burodi da ya zo yana huci. An je an ce za a duba ma'aikatansa saboda ɗayansu yana da tarin fuka, shi kuma so yake a faɗa masa ko wane ne ya kore shi. Ya yi lallashi, ya yi barazana, har ya ambaci manyan da ya sani. Gwaggo ba ta ɗaga kai daga rajista ba, ta ce, “Sunan nan na likita ne da hukuma, ba naka ba. Ka kawo min su duka a duba. Kai ma ka biyo su, tun da ka shigo sau uku ka yi tari.” Mutumin ya fita yana zagi. Ma'aikacin ya sha maganinsa na wata shida, ya warke, kuma har yau maigidansa bai san ko wane ne ba.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ya faru a gidanmu shekara goma sha huɗu da suka wuce.

Mahaifina yana da makarantar firamare a filin da ke jikin gidanmu. Shi ya gina ta, aji bayan aji, cikin shekara goma sha tara, har yara suka kai ɗari da arba'in. A lokacin shekarata ashirin, ina koyar da 'yan aji biyu. Ƙanwata Auta, 'yar shekara bakwai, tana zama a layin gaba a ajin nawa, kuma a aji ba ta taɓa kira na Yaya ba, sai Malama, da wani irin iyayi da ke ba kowa dariya.

Ranar wata Talata, a makon jarrabawa, wata mata ta kai ɗanta asibitin su Gwaggo. Jikinsa zafi rau, wuyansa ya kumbura, numfashinsa kamar ana jan zarto. Gwaggo ta danne harshensa da ɗan katako, ta haska tocila, ta ga wata yana mai launin toka ta lulluɓe maƙogwaro. Mashaƙo ke nan, cutar da ke toshe wa yaro hanyar numfashi, dafinta kuma ya bi jini ya taɓa zuciya. Ta tambayi uwar makarantar da yake zuwa. Uwar ta faɗi sunan makarantarmu.

Likitan da ke shugabantar asibitin ya ce, “Mu jira sakamakon gwaji, Sista. Kwana biyar ne. Kada mu tayar da hankalin mutane a kan zato.”

Ta ce, “Likita, kai ma ka karanta takardar da ke bangona. Zato ya isa. Kuma maganin kashe dafin cutar nan ba mu da shi, yana hannun hukuma. In ban faɗa ba, wa zai kawo mana?”

Ya rage murya ya ce, “Kin san makarantar wa ce kuwa?”

Ta ce, “Mai makarantar shi ya goya ni.”

Lokacin tara ta iso wurinmu, yara suna ta tsalle a fili. Ina ofishin Baba ina shigar da maki. Ta gaishe shi kamar kullum, ta ƙi zama, ta faɗa masa abin da ta gani ba tare da kwana-kwana ba. Na ga Baba ya cire tabaransa ya ajiye a hankali.

Ya ce, “Kwana uku ya rage mu gama jarrabawa. Ki bar ni zuwa Juma'a. Zan rufe da kaina, in ce an yi hutu. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani.”

Ta ce, “Yaya, in suka tafi hutu, ina za su? Wannan gidan kakarsa, wancan gidan kawunsa, gari goma. Kowanne da abin a maƙogwaronsa.”

“In motar hukuma ta tsaya a ƙofar nan, makarantar ta mutu. Kin san mutanenmu. Shekara goma sha tara, ke shaida ce. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.”

“Ban yar da kai ba, Yaya.”

“To kwana uku kawai na roƙa. Ni da na ɗauki ɗawainiyar karatunki har kika sa fararen kayan nan, ban isa kwana uku a wurinki ba?”

Na zaci za ta karaya. Sannan ta ce, “Ba shawara na zo nema ba, Yaya. Na riga na buga waya tun kafin in fito. Na zo ne don kada ka ji daga bakin wani.”

Baba ya nuna mata ƙofa da hannu.

Da ma a ce da ta buga wayar aka zo. Ba a zo ba. Talata ta wuce shiru. Laraba da safe aka ce mata motar ofishin hukumar lafiya tana wurin gyara. Sai ta ɗauki samfurin da ta goga daga maƙogwaron yaron, ta sa a akwatin ƙanƙara, ta shiga motar haya ta tafi ofishin da kanta. Direban da ya kawo ma'aikatan daga baya ya gaya min a kan benci ta zauna a ƙofar babban jami'in, akwatin a cinyarta, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Duk wanda ya ce ta dawo gobe sai ta ce, “Ba ni nake sauri ba, abin da ke cikin akwatin nan ne.” Ranar Alhamis da safe motoci biyu suka tsaya a ƙofar makarantarmu.

Aka jera yara a fili ana duba maƙogwaronsu ɗaya bayan ɗaya. Iyaye suka cika bakin ƙofa, wasu suna kuka, wasu suna zagin Baba. Auta tun daren Laraba jikinta da ɗan ɗumi, Mama tana ba ta maganin zazzaɓi, ba ta gaya wa kowa ba. Layin da Auta ta shiga na Gwaggo ne. Yarinyar ta buɗe baki tana dariya, ta ce, “Gwaggo, ni ma za ki kai rahotona?” Ina tsaye a gefe riƙe da rajistar aji. Gwaggo ta haska mata tocila a maƙogwaro. Ta kashe ta, ta sake kunnawa, ta sake dubawa. Sannan ta juya ta ce wa ma'aikacin da ke rubutu, “Sa ta a cikin masu tafiya.”

Baba ya ratso mutane ya ce a bar masa 'yarsa a gida, zai keɓe mata ɗaki, zai kawo likita. Gwaggo ta ce, “Maganin yana can, Yaya, ba ya nan.” Ita ta ɗauki Auta ta sa a mota.

A babban asibiti aka killace su. Iyaye ba sa shiga, sai dai su leƙa ta gilashin taga. Kwana tara Baba da Mama suna tsaye a jikin gilashin nan. Gwaggo ce kaɗai a cikinmu ke shiga, da takunkumi a fuska da safar hannu, bayan ta gama bin gidaje tana raba magani da allura ga duk wanda ya yi cuɗanya da yaran. Maƙogwaron Auta ya washe. Ta fara cin abinci, har ta aiko a tambaye ni ko ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Muka fara murna. Rana ta tara da hantsi ta tashi zaune za ta sha ruwa, zuciyarta ta tsaya. Dafin ya riga ya isa can. A hannun Gwaggo ta cika, Baba yana kallo ta gilashi.

Yara goma sha bakwai suka kamu. Biyar ba su tashi ba. Kuma da ma'aikatan hukuma suka bi sawu, sai aka gano cewa yaron ranar Talata ba shi ne na farko ba. Mako biyu kafin nan an kai wata ɗalibarmu wani asibitin kuɗi, mai asibitin ya ga abin da Gwaggo ta gani, ya ji tsoron kada mutane su guje shi, ya rubuta ciwon wuya ya sallame ta. A gida ta rasu, aka ce zazzaɓi ne. Mako biyu cur cutar tana yawo a azuzuwanmu, saboda mutum ɗaya ya ga fom ya kau da kai.

Mu a lokacin ba mu ga wannan ba. Abin da muka gani shi ne an ɗauke mana yarinya tana dariya an dawo mana da gawa, an kuma rufe makaranta. Ranar da ake karɓar gaisuwa, Gwaggo ta zo. Baba ya ce in je in ce ta koma. Na tare ta a bakin ƙofa, ta riga ta cire takalmi ɗaya. Na ce, “Baba ya ce ki koma.” Iyakar saƙon ke nan. Amma ni na ƙara da nawa, na ce, “Ai kin cika fom ɗinki, me kuma ya rage?”

Ta dube ni. Idonta ya kumbura kamar wadda aka daka. Ta sunkuya ta mayar da takalmin. Ta ce, “To, 'yar nan. Ki lallaɓa mamanki ta sha ko ruwa ne. Kuma allurarki ta biyu ranar sha takwas ga wata ce, kada ki manta.” Ta juya ta tafi.

Litinin ɗin da ta biyo baya ta je aiki. Mai shara ta ce ta same ta a ɗan ɗakin nan, fom a gabanta, biro a hannu, ta fi rabin sa'a ba ta motsa ba. Akwai gurbin da ake rubuta yadda mara lafiya ya ƙare. Mai shara ta ce, “Sista, ki ba wani ya cika mana.” Ta ce, “Ni na rubuta shigarta.” Ta rubuta sunan Auta, shekara bakwai, ta rasu. Ta sa hannu, ta aika a kan lokaci.

Makarantar ba ta sake buɗewa ba. Bayan an ɗage dokar rufewa yara goma sha ɗaya ne suka dawo. Baba ya sallami malamai, ya kulle azuzuwa, ya tsufa cikin shekara ɗaya. A dangi aka daina kiran Gwaggo in ana taro. A unguwa kuwa aka ce ga ta nan, wadda ko gidansu ba ta bari ba.

Akwai abin da na sani tun a lokacin, na ƙi yarda in tuna. Da an bi maganar Baba, ranar Asabar ɗin nan za a kai Auta hutu gidan kakarmu ta wajen uwa. Ni da kaina na haɗa mata kaya a jaka. Gidan kakarmu kuwa in an yi hutu jikoki sukan haura ashirin, tabarma ɗaya, kofi ɗaya. Sai da na haifi ɗana na fari, na riƙe shi ina sauraron numfashinsa, sannan na yarda na yi lissafin nan. Auta ɗaya ce cikin ɗari da arba'in, kuma kowannensu yana da inda za shi.

Na ɗauki jaririn na kai shi rigakafi asibitinsu, na bi layi har na iso gabanta. Shekara shida rabon da in yi mata magana. Na shirya jawabi tun daga gida. Ta karɓi katin ta duba, ta ce, “Kin makara da mako biyu.”

Na ce, “Gwaggo, ba ki da abin da za ki ce min?”

Ta ce, “Riƙe min cinyarsa da kyau.”

Ta yi masa allura, ya tsala ihu, ta ɗauke shi ta sa a kafaɗa tana jijjigawa. Ta daɗe ba ta miƙo min shi ba. Jawabin nawa har yau ban yi shi ba. Wataƙila wannan ne.

Gwaggo, ke ce kunnen unguwa, mai jin abin da ake raɗawa a bayan labule. Ke kika ɗauki aikin da in ya yi kyau ba wanda ke gani, don ba a zuwa godiya a kan kabarin da ba a haƙa ba. In an makara a ce ina kike, in kin yi sauri a ce kin tona asiri. Kin san gaskiya ɗaci gare ta, kika tauna ta ke kaɗai, a gidanku, a kan yayanki da kike ƙauna. Ban taɓa jin kin ce ke ce da gaskiya ba. Ban taɓa jin kin ce da an ji maganarki ba.

Taron sallamarta a kan bencinan marasa lafiya aka yi shi, ba mu kai mu ashirin ba. Aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Da aka ce ta yi magana, sai ta juya ga ma'aikaciyar da ta gaje ta ta ce, “Za su roƙe ki. Wanda zai roƙe ki ba mugu ba ne, mai tsoro ne, kuma sau da yawa naki ne. Ki tausaya masa, ki ba shi haƙuri, ki buga wayar.” Ta zauna.

Baba bai je ba. Duk ƙarshen wata takan zo gidanmu ta tsaya daga bakin ƙofar ɗakinsa ta ce, “Yaya, ina wuni?” Ya ce, “Lafiya.” Shekara goma sha huɗu maganarsu ba ta wuce nan ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce sun shirya ba. Amma kafin in fara rubutun nan na je na nemi izininsa, don sirrinsa ne zan baza. Na ce in ya so zan cire abin da ya faru a ofishinsa. Ya ce, “Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki rubuta cewa ni na ce a jira Juma'a. Kada ki rage komai.” Na ce ko in gaya wa Gwaggo ya faɗi haka. Ya ce, “Za ta karanta ai.”

To ga shi na rubuta. Kuma ina roƙon duk wanda abin ya biyo ta hannunsa, likitan asibitin kuɗi, mai shagon magani, shugaban makaranta, uwa mai yaro a ɗaki: in kun ga abin da ya ba ku tsoro, ku faɗa a ranar. Kada ku jira gwaji, kada ku jira a gama jarrabawa, kada ku jira ku ga ko zai wuce da kansa. Sanar da hukuma ba tonon asiri ba ne, hanyar da magani ke bi ya iso ke nan. Ku kuma da ke karɓar rahoton a ofisoshi, in irin su Gwaggo suka buga waya, ku ɗauka, ku taso. Ba kowace ce za ta iya zama a ƙofarku da akwati a cinya ba.

Gwaggo, akwai samari da 'yan mata a yau, wasu suna jami'a, wasu sun yi aure har da goyo, a garuruwan da ƙafarki ba ta taɓa takawa ba. Ba su san ki ba. Ba su san akwai wani hutu da mutuwa ta shirya zuwa gidajensu a cikin jakar ɗan'uwansu, wata mata ta tsaya ta tare hanya ba. Ba za su taɓa zuwa su gode miki ba. Ni na zo a madadinsu, a makare kamar yadda na saba. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Auta da sauran huɗun, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Mun gode, Gwaggo.